Hantar Abban Hanifa da Tawa

Assalamu alaikum. Na daɗe ina ja da baya kafin in rubuta wannan, domin akwai inda za ku karanta ku yamutsa fuska, kamar yadda na yamutsa tawa ranar da aka faɗa mana. Mai gidan da kansa ne ya ce in rubuta ko wani zai amfana, sharaɗinsa ɗaya, kada in ambaci sunansa na yanka. Don haka zan kira shi yadda nake kiransa a gida, Abban Hanifa.

Sunana Rabi. Daga Kano muka zo Kuala Lumpur shekara huɗu da suka wuce. Shi yana karatun digiri na uku a fannin lantarki, gwamnati ce ta turo shi, ni kuma na biyo shi da 'yarmu Hanifa. A Danau Kota muke zaune, hawa na goma sha bakwai. Mutum ne da bai taɓa kwanciya a asibiti ba, ko zazzaɓi sai ya shekara bai yi ba. Sai dai tun da muka zo ƙasar nan jikinsa ya buɗe. Zaman ɗakin bincike daga safe har magariba, lif ya sauke ka, mota ta ɗauke ka. Ga shagon mamak a ƙasan benenmu, inda Indiyawa Musulmi suke soya roti, wata irin gurasarsu, suna haɗa shayi da madarar gwangwani, zaƙi kamar zuma. Kofi uku yake sha a rana. In zai hawo kuma ya yi mana tapau, wato ƙunshin soyayyiyar shinkafa a leda. Da muka tura hoton sallah gida, Hajiyarsa cewa ta yi, "Masha Allah, Malesiya ta karɓe ka." Ni ma har ga Allah daɗi na ji, don a wurinmu ƙibar miji shaidar hannun matarsa ce.

Da gajiya abin ya fara. Yana idar da sallar la'asar sai barci a kan dardumar. Sai wani nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, ba ciwo sosai ba, ya ce kamar an sa masa dutse a aljihun riga. Bayan wuyansa ya yi baƙi, na yi ta miƙa masa soso ina cewa dauɗa ce. Wata biyu muna shan maganin olsa kafin ya je asibitin makaranta. Suka ɗebi jini, bayan kwana uku suka ba shi takarda zuwa babban asibiti.

Ƙarfe bakwai na safe muka ciri lamba, ba a kira mu ba sai bayan azahar. Baƙo kuma a nan ba a yi masa kuɗin ɗan ƙasa, ko kati ne. Likitar da muka samu sunanta Dakta Lim, siririyar mace mai gilashi, ba ta da yawan murmushi. Ta duba takardun jinin, ta duba hoton cikin da aka yi masa, sai ta ɗago ta ce da Turanci, "Kwalba nawa kake sha a mako?"

Ya ce, "Ta lemo?"

Ta ce, "Ta giya."

Ya ce, "Dakta, ban taɓa ɗanɗanawa ba tun da aka haife ni."

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba. A wannan ɗan lokacin sai da na juya na dube shi, zuciyata tana tambayar ko akwai abin da ban sani ba. Ya ga kallon. Har yau in na tuna sai na nemi yafiyarsa.

Ta juyo mana da allon kwamfutar. Ta ce kitse ne ya cika hantar, kuma ba sai da giya ake samun haka ba, siga da farar shinkafa da yawan zama suna yin aikin da giya take yi. Ta ce hantar ta fara tabo, in tabon ya yi yawa ba ya komawa. Sai ta faɗi maganar da ta zauna mini a kai: "Hanta ba ta da baki. Ranar da ta yi magana, yawanci an makara."

Na zaci za a rubuta mana allurai. Ta ce ba wata ƙwaya da za ta narkar da kitsen, sai rage jiki, barin zaƙi, da tafiya a ƙasa kullum. Muka fito. A bakin lif ya ce, "Rabi, shayi fa. Shayi kawai."

Mako bai cika ba labari ya kai gida, shawarwari suka fara sauka. Yayarsa Anti Bilki ta ce lemon tsami a ruwan ɗumi, tunda yana wanke maiƙo a kwano zai wanke na hanta. Wani abokinsa ya ce zuma da habbatussauda. Hajiya ta ba wani ɗalibi da zai dawo ƙullin garin sabara da wasu sassaƙe. Na ɗauki hotonsu na nuna wa Dakta Lim. Ta ce duk abin da mutum ya haɗiya hanta ce take fama da shi, kada in ɗora wa mai rauni kayan da ba a san nauyinsu ba. Na ɗora ƙullin a saman kabad, na ce wa Hajiya saƙo ya iso, Allah Ya saka. Ban yi ƙarya ba, ban kuma ƙara komai ba.

Ni na zama 'yar sandan gidan. Na rage shinkafa, na kore siga, bayan asuba in tasa shi gaba mu zagaya tafkin unguwarmu. Har da gori nake haɗawa. Ni tun ina budurwa ba ni da jiki, sai in ce masa, "Tukunya ɗaya muke ci, dubi ni. Ka koyi riƙe baki." A mako na biyar wandunansa sun fara yi masa yawa, muka ce alhamdulillahi, an kama hanya.

A mako na shida haƙorinsa ya kumbura. Likitan haƙori ya ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, bai faɗa ba, aka canza masa wani mai ƙarfi. Haƙori ya warke. Kwana huɗu bayan nan gudawa ta ɓarke.

Ba irin wadda muka sani ba ce. Sau goma, sau goma sha biyar a wuni, ga murɗar ciki, ga zazzaɓi, ga wani wari da ban taɓa jin irinsa ba. Rana ta uku ya tashi zai fito daga banɗaki ya zube a ƙofa. Aka kwantar da shi a ɗaki shi kaɗai, duk mai shiga sai ya sa riga da safar hannu. Dakta Lim ta yi mana bayani cewa cikin kowane mutum akwai ƙwayoyi masu amfani da ba sa ƙirguwa, su ne masu gadin hanji. Maganin haƙorin ya share su, sai wata muguwa guda ɗaya ta samu fili ta mamaye. Aka yi masa ƙarin ruwa, aka ba shi wani magani na kwana goma, ta tsaya, muka dawo gida. Mako biyu bai cika ba ta dawo. Aka sake, ta tsaya, ta sake dawowa.

Wata biyu muka yi a haka. Mutumin da nake roƙo ya rame sai ga shi ya rame har ina tsoron kallonsa, idanu sun faɗa, zoben azurfarsa yana zamewa daga yatsa. Na ware masa banɗaki, ina wankewa da bilic har fatar hannuna ta tsage. Hanifa, mai shekara takwas, na hana ta hawa gadonsa, sai ta tsaya a ƙofa tana yi masa hira da Turancinta. Malamin da yake duba aikinsa ya ba shi hutu, amma wa'adin karatun bai tsaya jiran kowa ba. Abin da ya fi karya masa zuciya shi ne sallah. Alwala ba ta zama. Wata rana na same shi zaune a bakin gado yana hawaye, ya ce, "Ko raka'a biyu na kasa kaiwa."

A nan dole in gode wa maƙwabciyata Kak Nor, 'yar Malesiya ce mai sayar da kayan ɗinki. Ita take ɗauko Hanifa daga makaranta, ta kawo mana faten shinkafa mai ruwa-ruwa a kula. Duk abin da na roƙa, amsarta ɗaya, "Boleh, boleh," wato babu damuwa. Dole kuma in koka. Takardun inshorar ɗalibai sun wahalar da ni fiye da jinyar, kuma akwai ma'aikatan da za su tsaya a kanka suna maganarka da yarensu kamar kai gado ne.

Ranar da aka kwantar da shi karo na uku, Dakta Lim ta shigo ta ja kujera ta zauna, abin da ba ta saba yi ba. Ta ce maganin ƙwaya ya gaza, saura hanya ɗaya da take da ƙarfin gwiwa a kai, dashen ƙwayoyin hanji. Da na ji kalmar dashe sai na tuna dashen ƙoda. Na ce, "A ina ake samo ƙwayoyin?"

Ta ce, "A bayan gidan mutum mai lafiya."

Na ce ta maimaita, don na ɗauka Turancina ne ya gaza. Ta maimaita a hankali. Abban Hanifa ya dube ni ya ce da Hausa, "Rabi, kashin wani take nufi?"

Na ce, "Shi take nufi."

Ya juya fuskarsa bango. Can ya ce, "A bar ni in mutu da mutuncina."

Na bar Kano na zo ƙasar da jirgin ƙasa yake tafiya ba direba, a ce maganin da ya rage shi ne wannan. Likitar ba ta ji haushi ba. Ta ce ana bincikar mai bayarwa sosai, a tace abin, a zuba shi cikin hanji ta tiyo mai kyamara, shi kuma yana barci ba zai san an yi ba. Ta ce a kan irin wannan gudawar an san yana aiki. Na tambaye ta hantar fa. Ta ce hanji da hanta maƙwabta ne, jinin da ya taso daga hanji hanta yake fara shiga, shi ya sa masu bincike suke duba ko wannan dashe zai rage kitsen hanta. "Amma ba a tabbatar ba tukuna. Don gudawar zan yi. Kada ku sa rai da abin da ban yi muku alkawari ba."

Kwana biyu ya ƙi a ɗaga maganar. Sai na kira Malam Sani, ɗan Zariya ne da yake karatun fiƙihu a nan, shi yake ja wa 'yan gida sallah in an taru. Ya zo ya sa rigar asibitin a kan jallabiyarsa, na faɗa masa komai kaina a ƙasa. Ya shafa gemu. Ya ce a ba shi lokaci ya duba, ya kuma tambayi malamansa. Ya dawo ranar Juma'a daga masallacin Kampung Baru. Ya ce, "Najasa ce, ba na ja. Amma likitar da ta san aikinta ta ce ba wani magani, kuma rai ake tsoro. Wannan larura ce." Sai ya matsa kusa da gadon. "Malam, kai da kake kwance yanzu, me ke cikin hanjinka? Da shi kake sallah tun balagarka, kuma sallarka ta yi."

Abban Hanifa ya yi ɗan murmushi, na farko cikin makonni. Ya ce ya yarda, amma ba na baƙo ba, don bai san abin da baƙo yake ci ba. Ya dube ni. Na ce, "Ni?" Ya ce, "In dai dole ne, gara na gida." Na yi dariya har hawaye, ban san ta mece ce ba.

Aka yi mini tambayoyi shafi-shafi, aka ɗebi jini kwalba da yawa, na kai abin da aka nema a ɗan mazubi cikin jakata ina jin kamar kowa a jirgi yana kallona. Ban damu da sakamakon ba ko kaɗan. Ni ce mai lafiyar gidan.

Bayan kwana biyar aka kira ni a waya, aka ce likita tana son ganina, ni kaɗai. Na shiga, ta rufe ƙofa. Ta ce, "Ba za mu iya amfani da naki ba." Na ɗauka tsutsar ciki aka gani, har na fara jin kunya. Ta ce, "Kina ɗauke da ciwon hanta nau'in B."

Na ce, "Ba takardar mijina kika ɗauko ba?"

Ta juyo mini da ita. Sunana ne, da ranar haihuwata.

Na ce ban taɓa jin ciwo ba, ban taɓa yin shawara ba, ban san wani namiji ba sai mijina. Ta ce ba abin da take zargina da shi, yawanci irin wannan tun ana jariri ake samunsa, daga uwa, kuma mutum zai iya shekara talatin yana yawo da shi lafiya ƙalau. Sai ta ce, "Mahaifiyarki tana raye?"

Innarmu Uwani ta rasu ina da shekara goma sha tara. Cikinta ya kumbura kamar mai juna biyu, idanunta suka yi ɗorawa, ƙafafu suka hau. Ba a kai ta asibiti ba sai kwana uku kafin cikawarta. Wani mai magani ya ce sammu ne, aka ɗora wa maƙwabciyarmu Iya Ladi, don sun taɓa yin sa-in-sa a kan kwata. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara gaishe ta daga gidanmu. Na ba likitar labarin ciwon. Ta ce ba za ta iya yanke hukunci a kan wanda ba ta gani ba, amma alamun sun yi kama sosai.

Na fito na shiga jirgi, na wuce tasharmu da tasha uku ban sani ba. Inna lillahi kawai nake maimaitawa. Da na koma asibiti da yamma na zauna gefen gadonsa na faɗa masa, ina tuna duk gorin da na yi masa. Bai tuna mini da ko ɗaya ba. Ya kama hannuna ta cikin safar ya ce, "Da ban kwanta ba, yaushe za a duba ki?"

Aka ɗebi jinin Hanifa. Kwana ukun da muka yi jiran sakamakonta sun fi wata biyun jinyar tsawo. Allah Ya tsare ta, allurar rigakafin da na yi ta bin layi ina kai ta a Kano ta yi aiki. Abban Hanifa kuma aka ga jikinsa ya taɓa haɗuwa da cutar ya kore ta da kansa.

Dashen sai aka koma kan baƙo. Wannan karon bai yi musu ba. Ya tambaya ko wane ne, likitar ta ce ba ta da izinin faɗa, abin da za ta iya cewa Musulmi ne, kuma an bincike shi fiye da yadda aka taɓa bincikar kowa a danginmu. Aka ba shi ruwan wanke ciki ya sha, washegari da hantsi aka tura shi, ko awa ɗaya ba a yi ba aka dawo da shi yana barci. Da ya farka ya ce, "An fasa ne?" Na ce an gama. A rana ta uku gudawar da ta sha mana wata biyu ta tsaya cak, ba ta ƙara dawowa ba. Wannan ma sai da ya girgiza ni. Abin da nake toshe hanci in na wuce shi, shi Allah Ya sa ya zama sanadi. Mutumin da ya bayar, ba mu san fuskarsa ba, kullum yana cikin addu'armu.

Bayan wata shida aka sake hoton hantar. Kitsen ya ragu sosai, tabon bai ƙaru ba. Ya tambaya ko dashen ne. Dakta Lim ta ce ba ta sani ba, don ya rage jiki, ya bar zaƙi, yana tafiya, ba za ta iya ware na wane ne ba. Hajiya kuwa wankin hanji muka ce mata an yi, kuma har gobe ta yi imani sabararta ce.

Ga abin da nake so ku riƙe. Na ga bidiyoyin masu koya wa mutane yin wannan dashe a gida, na ga masu tallan cewa yana warkar da kitsen hanta. Kada ku kuskura. Ni da nake ganin kaina tsaf, ku dubi abin da ke jinina. In ƙiba ta zo muku da gajiya, ku je a duba hanta. In kuma ba ku da jiki kamar ni, ku ma ku je.

Ni yanzu duk wata shida ake duba ni, cutar tana kwance, ba a fara ba ni magani ba. Na kira babban wanmu Yaya Auwalu na ce kowa ya je gwaji. Da farko faɗa ya yi, ya ce zan ja wa 'ya'yansa mata surutu a unguwa. Daga baya suka je. Cikin 'yan'uwana huɗu biyu suna da ita, autanmu Musa har an ɗora shi a kan magani, an ce da ya ƙara shekara biyu da labarin ya canza.

Sai na roƙi Yaya Auwalu abu na ƙarshe, ya shiga gidan Iya Ladi ya haɗa ni da ita. Ya yi kwana huɗu yana kewaye-kewaye, ranar Lahadi da safe ya kira. Na ji muryarta ta tsufa sosai. Na gaishe ta, na faɗa mata abin da likita ta ce game da ciwon Inna, na ce mun zalunce ta, ta yafe mana.

Ta ce, "Rabi ce ta Uwani?"

Na ce, "Ni ce, Iya."

Ta ce, "Ranar da aka fito da ita, ta bayan labule na tsaya na yi mata addu'a, don an hana ni shiga. Ni na yi mata wankan jego lokacin da ta haife ki." Ta ja numfashi. "Na yafe tuntuni, 'yar nan. Ke dai ki riƙa zuwa asibitin."